Wasiƙa zuwa ga Edita: Wi-Fi daban, intanet daban

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da ya shigo gidajen mutane ya zauna daram, alhali yawancin masu amfani da shi ba su san sunayen sassansa ba, balle su san aikin kowane sashe. Ina nufin ƙaramin akwatin nan mai jerin fitilu da ake kira rauta, da sadarwar Wi-Fi da take watsawa a cikin gida, da kalmomin da ke rubuce a jikinta da cikin wayoyinmu, waɗanda muke gani kullum muna wucewa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da ya faru da yayana kwanakin baya. Ya kira ni ya ce Wi-Fi ɗin gidansa ya mutu, har ya sayo sabuwar rauta ya haɗa, amma ba ta sake zane ba. Da na isa na karɓi wayarsa, sai na ga alamar Wi-Fi a cike take, duk layukanta sun fito, sai dai babu shafin da yake buɗewa. Na durƙusa gaban sabuwar rautar na duba fitilunta ɗaya bayan ɗaya: ta wuta tana ci, ta Wi-Fi tana ci, amma wadda aka zana hoton duniya a ƙarƙashinta ja ce wur. Na bi igiyar da ta shigo daga waje, na tarar ta tsinke a inda ƙofa take matse ta. Na ce masa, "Yaya, Wi-Fi ɗinka lafiyarsa ƙalau, intanet ne ba ya shigowa gidan." Ya dube ni ya ce, "Ashe ba abu ɗaya ba ne?" Tsohuwar rautar da ya ajiye a gefe babu abin da ya same ta. Yayana mutum ne mai ilimi da natsuwa, kuma ban ga laifinsa ba ko kaɗan, domin babu wanda ya taɓa zama ya bambance masa waɗannan abubuwa biyu da harshen da yake tunani da shi.

Bambancin kuwa shi ne tushen komai. Intanet ita ce babbar sadarwar da ta haɗa kwamfutocin duniya, kuma tana isowa gida ne ta hannun kamfanin da mutum yake biya, ko ta igiyar gilashi da ake kira faiba, ko ta layin tarho, ko ta katin sim, ko ta tauraron ɗan'adam. Wi-Fi kuma hanya ce kawai ta haɗa na'urorin cikin gida da rauta ta iska, a tazarar da ba ta wuce 'yan ɗakuna ba. Kamar bututun ruwan da aka shimfiɗa a cikin gida ne da ruwan da ke zuwa daga babban bututu na waje: bututun cikin gida zai iya zama lafiyayye sumul, amma idan ruwa bai zo ba, famfo ba zai ɗiga ba. Saboda haka layukan da ke saman waya suna nuna ƙarfin haɗuwar wayar da rauta ne, ba su ba da labarin abin da ke bayan rautar ba. Na'urar da ke karɓar saƙo daga kamfani ta juya shi zuwa abin da kwamfuta za ta gane ita ce modem, rauta kuwa ita ce mai rarraba abin da modem ya kawo ga waya da kwamfuta da talabijin. A yau sau da yawa akan haɗa su biyun a akwati guda, wannan ma yana daga cikin abin da ya ƙara cakuɗa sunayen a bakin mutane.

A nan akwai wata matsala da ta shafi harshenmu kai tsaye, wadda nake ganin aikin 'yan jarida ne su warware ta. Na sha karanta inda aka rubuta "sadarwa mara waya" ana nufin Wi-Fi. Kalmar waya a Hausa ta fara ne da nufin zaren ƙarfe, daga nan ta koma kan tarho, yau kuma idan aka ce waya, abin da ke zuwa zuciyar kowa shi ne wayar hannu. To mai karatu da ya ga "mara waya" alhali da wayarsa yake shiga sadarwar, me ake so ya fahimta? Ni a ganina gara a ce "sadarwa ta iska" ko "mara igiya", a bar wa abin da ake soka wa a bayan rauta sunan igiya ko kebul. Magabatanmu ma da rediyo ya zo musu wayar iska suka kira shi, kuma sun yi daidai, domin Wi-Fi ɗin kansa rediyo ne, ƙaramar tasha ce mai watsawa da karɓa a cikin gida.

Sanin cewa rediyo ne yana sauƙaƙa fahimtar lambobin da ke jikin kwalin rauta. Duk wanda ya saba sauraron gajeren zango ya san cewa kowace tasha tana da mitar da ake kama ta, kuma wani zango ya fi wani tafiya nesa. Wi-Fi na gida yana aiki ne galibi a zango biyu, na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5 (gigahaz ma'aunin mitar rediyo ne), sababbin na'urori kuma sun ƙara da na gigahaz 6. Na farkon ya fi kai wa nesa, ya fi ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef da rautocin maƙwabta duk a nan suke. Ko da yake an raba shi zuwa tashoshi fiye da goma, uku ne kacal ba sa hawa kan juna, wato ta 1 da ta 6 da ta 11, shi ya sa a gidajen da ke manne da juna sadarwa takan yi nauyi da dare lokacin da kowa ya dawo. Zangon 5 ya fi faɗi, ya fi gudu, ya fi yawan tashoshi, sai dai bango biyu ko uku na kankare sun isa su raunana shi. Wanda ke zaune kusa da rauta ya zaɓi zangon 5, wanda ke can ƙuryar gida ya koma 2.4, magana ta ƙare.

Ina so in ja hankali musamman kan wani ruɗani da na ga ya kama har da masu ilimin zamani. Rautoci da yawa suna nuna suna biyu, ɗayan an liƙa masa 5G a ƙarshe, sai mutum ya ɗauka ya samu sadarwar 5G irin ta kamfanonin wayar salula. Waccan 5G ɗin tana nufin zubi na biyar na fasahar salula, wanda aka fara sayar wa jama'a a shekarar 2019, wannan kuwa gajarta gigahaz 5 aka yi, kuma zangon yana cikin tsarin Wi-Fi tun 1999. Babu abin da ya haɗa su sai kamannin rubutu. Mai sayar da kaya da bai ji tsoron Allah ba zai iya fakewa da wannan kamanni ya sayar wa mutum abin da bai nema ba, kuma mai saye ba zai gane ba sai bayan ya kai gida.

Tun da rediyo ne, wurin da aka ajiye rauta yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Na taɓa shiga wani gida da ake kukan sadarwa ba ta kai ɗakunan ciki, na tarar da rautar a ƙasa, an cusa ta bayan kabad na ƙarfe a lungun falo, an kuma lulluɓe ta da ƙyalle don kada ƙura ta hau ta. Muka ɗauke ta muka ɗora a saman kanta a tsakiyar gidan, muka miƙe eriyoyinta, nan take wayar da ke ɗakin ƙarshe ta tashi daga layi ɗaya zuwa uku. Ƙarfe yana tare saƙon rediyo, ruwa yana shanye shi, madubi da bango mai kauri suna rage masa ƙarfi. Idan gida ya yi girman da rauta ɗaya ba za ta game shi ba, akwai na'urar da ke karɓar saƙo ta sake watsa shi, sai dai irin mai rediyo guda takan cinye kusan rabin gudun, saboda da baki ɗaya take saurare take kuma maimaitawa. Abin da ya fi inganci shi ne a ja igiya zuwa wata na'urar watsawa ta biyu. Igiyar nan da ake kira Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox a Amurka a 1973, tana kai saƙo har mita 100 ba tare da matsala ba, kuma har yau ta fi iska tabbas. Duk na'urar da ba ta motsi, kamar talabijin ko kwamfutar tebur, igiya ce ta dace da ita.

Sai kuma maganar gudu, inda ake yawan zargin kamfani da ha'inci a kan abin da lissafi ne kawai. Kamfanoni suna auna gudu da megabit a daƙiƙa, ana rubuta shi Mbps da ƙaramin baƙin b, alhali girman fayil da megabait ake auna shi, ana rubuta MB da babban baƙi, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Wanda aka yi wa alkawarin megabit 40, abin da zai gani yayin sauke fayil ba zai wuce megabait 5 a daƙiƙa ba, fayil mai gigabait ɗaya kuma zai ɗauke shi sama da minti uku ko da komai na tafiya daidai. Wannan gudun kuma raba shi ake yi tsakanin duk wanda ke kan rautar a lokacin. Haka nan gudu daban ne da yawan data, domin data adadin abin da aka yarda ka ɗiba ne, gudu kuwa saurin ɗibar. Akwai ma abu na uku da ba a cika ambata ba, shi ne jinkiri, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, ana auna shi da milisakan, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Shi ne ke sa masu kiran bidiyo su riƙa cin karo da maganar juna ko da hoto ya fito tas. Intanet da ke bi ta tauraron ɗan'adam mai tsayuwa wuri guda, wanda ke nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, jinkirinsa yakan kai milisakan 600, kuma babu rautar da za a saya ta rage wannan nisa.

Lambobin zubi da ake bugawa a jikin kwali ba su buƙatar dogon bayani. Tsarin Wi-Fi na farko, mai lamba 802.11, ya fito a 1997 da gudun megabit 2 kacal. Sunayen da suka biyo baya masu baƙaƙe a ƙarshe sun wahalar da masu saye, shi ya sa a 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa su zuwa lambobi: 802.11n na 2009 ya zama Wi-Fi 4, 802.11ac ya zama Wi-Fi 5, 802.11ax ya zama Wi-Fi 6, kuma Wi-Fi 7 ya biyo baya a 2024. Abin lura shi ne sabuwar rauta ba za ta sa tsohuwar waya ta yi gudun da ba a gina ta da shi ba, kuma ba za ta ƙara ko da megabit ɗaya a kan abin da kamfani ke turowa ba.

Kowace na'ura da ta shiga sadarwar gida rauta tana ba ta lambar adireshi da ake kira IP, kuma tsarin da ke raba waɗannan lambobi da kansa shi ne DHCP. A yawancin gidaje lambobin suna farawa da 192.168, waɗanda aka keɓe don amfanin cikin gida tun 1994, saboda adiresoshin tsohon tsari na IPv4 kusan biliyan 4.3 ne kawai, ba za su ishi na'urorin duniya ba. Don haka gida gaba ɗaya da adireshi guda yake fita waje, rauta ce ke riƙe da lissafin wanda ya aika me, ta kuma mai da wa kowa amsarsa. Shi kuwa DNS, wanda Paul Mockapetris ya tsara a 1983, aikinsa shi ne juya sunan shafi da mutum ya rubuta zuwa lambar adireshin da kwamfuta ke ganewa, kamar yadda waya ke nemo lamba idan an taɓa sunan mutum. Ba na cewa kowa sai ya haddace waɗannan, amma lamba ɗaya ta zama dole a sani, ita ce adireshin rautar kanta, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, kuma akan buga shi a takardar da ke manne a ƙasanta. Da shi ake shiga shafin da ake sarrafa ta.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, Malam Edita, wato tsaro. Rauta tana da kalmar sirri biyu, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suka sani. Ta farko ita ce wadda ake ba baƙo don ya shiga Wi-Fi. Ta biyu ita ce ta shafin sarrafawa, wadda duk wanda ya riƙe ta zai iya sauya suna, ya sauya kalmar sirrin farko, ya ga na'urorin da ke ciki, ya ma sauya DNS ta yadda mai gida zai rubuta sunan bankinsa a kai shi shafin bogi bai sani ba. Rautoci da dama suna fitowa daga masana'anta da kalmar sarrafawa iri ɗaya ga kowa, wadda ke rubuce a littafin da ke cikin kwali, kuma haka ake barin ta shekara da shekaru. Wannan sakaci ya riga ya yi ɓarna a idon duniya. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kusan kalmomin sirri 60 na masana'anta, aka yi amfani da su a watan Oktoba na shekarar aka afka wa kamfanin Dyn mai kula da DNS, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka na tsawon sa'o'i. Masu waɗannan na'urori suna zaune a gidajensu, ba su san an yi yaƙi da kayansu ba.

A cikin shafin sarrafawa mutum zai ga SSID, wanda shi ne sunan da sadarwar ke bayyana da shi a waya, kuma bai kamata a sa masa sunan mai gida ko lambar gida ba. Ɓoye sunan ba tsaro ba ne, domin mai neman sa da kayan aiki zai gan shi cikin sauƙi. Tsaron yana cikin irin makullin da aka zaɓa. WEP shi ne makullin farko, an bankaɗo rauninsa tun 2001, yau cikin 'yan mintoci ake karya shi. WPA ya zo a 2003 a matsayin faci, WPA2 ya biyo a 2004, WPA3 kuma a 2018. Duk rautar da ba ta da WPA2 aƙalla ta gama aikinta, a sauya ta. Kalmar sirrin WPA2 tana karɓar baƙaƙe daga 8 zuwa 63, kuma tsawo ya fi sarƙaƙiya amfani, jimla mai kalmomi huɗu ko biyar da mutum zai iya tunawa ta fi lambar waya ko ranar haihuwa nesa ba kusa ba. Akwai kuma WPS, wanda aka yi don sauƙaƙa haɗa na'ura da lambobi takwas. A ƙarshen 2011 aka gano cewa rauta tana tantance lambobin ne rabi da rabi, ta yadda gwaji 11,000 ya isa a gano su maimakon miliyoyi. Shawarata ita ce a kashe shi. Wanda baƙi ke yawan zuwa gidansa ya buɗe musu sadarwar baƙi, wadda yawancin rautoci ke da ita, domin su samu intanet ba tare da sun kai ga kwamfuta ko kyamarar gidan ba. Manhajar da ke cikin rautar ma tana buƙatar sabuntawa kamar ta waya, saboda ta nan masana'anta ke toshe ɓarakar da aka gano.

Roƙona ga jaridarku shi ne ku ware ɗan fili, ko da sau ɗaya ne a wata, inda za a ɗauki kalma ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan a yi bayaninsu da Hausa tsantsa, tare da hoton bayan rauta da na shafin sarrafawa, a nuna wa mai karatu ramin da igiyar waje ke shiga da waɗanda na'urorin gida ke shiga. Ina kuma ba da shawara a kan rubutu. Gajerun sunaye irin su SSID da DNS da WPA2 a bar su yadda suke, domin haka mai karatu zai tarar da su a jikin na'urarsa, idan aka sauya su zai nema ya rasa. Abin da za a fassara shi ne ma'anarsu. Kalmomin da baki ya riga ya karɓa, kamar rauta da data da faiba, a tsai da rubutu ɗaya a kansu, kada yau a rubuta wani iri gobe wani iri. Inda Hausa take da kalmarta, kamar zango da tasha da igiya da makulli da jinkiri, a yi amfani da ita ba tare da shakka ba, kuma zai yi kyau editocinku su tuntuɓi malaman harshe da masu aikin haɗa sadarwa kafin a tsayar da kowace kalma, domin masu aikin su ne suka san abin da ake faɗa a bakin aiki. Idan kun buɗe wannan fili, ina roƙon darasin farko ya kasance a kan fitilun da ke gaban rauta da abin da kowace take nufi idan ta yi ja, ta yi kore, ko ta mutu.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum